Faifan da Baba Bai Rufe Ba

Kowa a layin ya san Baba Mai Faifai. Tun da ya bar tuƙin mota, aikinsa ke nan a ɗakin ƙofar gida: rikoda mai baki biyu, a sa faifan asali a hagu, sabo a dama, ya zauna ya saurara har ƙarshe. In ya gama sai ya danna maɓallin rufewa, domin faifan da ba a rufe ba, ba ya magana a kowace na'ura sai wadda ta haife shi. Wanda aka rufe kuwa, ba a ƙara masa ko tari.

Faifai ɗaya ne Baba ya ƙi rufewa. Waƙoƙi ne da suka ɗauka shi da ƙaninsa, saura guda. A kan wa zai ja bakin waƙar ƙarshen suka yi faɗa, faɗan ya girma ya fi waƙar, ƙanin ya ɗauke ƙafa. Baba taurin kai gare shi kamar ƙusa, amma kewa na cinsa, shi ya sa ya bar wa waƙar gurbinta.

Sai rikodar ta fara gardama. Mai gyara ya buɗe ta ya girgiza kai.

"Baba, idonta mai karanta faifai ya kusa mutuwa, kuma an daina kawo irinsa. Ka rufe faifan nan tun tana gani, in ba haka ba ka rasa shi duka."

Matar Baba da ke shara ta ce, "Malam, ko dai ka rufe faifai, ko ka buɗe baki ka kira ɗan'uwanka. Girman kai rawanin tsiya."

Baba ya yi kwanaki yana kewaya waya kafin ya kira ƙaninsa.

Ƙanin ya zo da sanda, furfura ta gama da shi. Suka gaisa sama-sama, Baba ya jona makirfo, ya danna ɗauka.

"Ja baki," in ji Baba.

"A'a Yaya, kai ne babba."

Baba ya gyara murya, ya buɗe baki, ya sake rufewa. Ya dubi ƙaninsa.

"Ta yaya ma take farawa?" in ji Baba.

Ƙanin ya ce, "Wallahi Yaya, ni ma ta ɓace min."

Rikodar na ta ɗauka. Dariya ta ƙwace wa ƙanin, ta Baba ta biyo, har ta koma hawaye, sai da Baba ya sa hannun riga ya share.

"A goge wannan?" in ji ƙanin.

"Irin wannan faifan ba ya goguwa," Baba ya ce. Ya kamo yatsan ƙaninsa ya ɗora a kan maɓallin rufewa.