Mayafin Da Ban Tuna Na Saya Ba

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina cewa a raina mutane ba su iya riƙe sirrinsu ba, yau ga ni da nawa. Ina roƙon a sakaya sunana.

A shekarar da aka buga gasar kofin duniya a Qatar ina shirin cika arba'in. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Doha, mijina injiniya ne a kamfanin gas, muna zaune a wani bene a unguwar Al Mirqab da yaranmu biyu. Mace ce ni mai ji da kai a lokacin, ba na yarda da abu sai na gan shi da idona a na'ura. Kuma ni 'yar tagwaye ce. A Zariya aka haife mu, kamarmu ɗaya sak, sai dai ita tana da wushirya ni ba ni da ita. Tun muna yara ba a taɓa saya wa ɗaya abu a bar ɗaya ba, ko ɗankunnen roba ne. Kakarmu takan ce idan aka ɓata wa ɗaya cikin tagwaye rai tukunya ba za ta tafasa a gidan ba ranar, ni kuwa da na yi boko sai in riƙa ce mata itacenta ne jiƙaƙƙe.

Mun yi alkawari da 'yar'uwata cewa ranar da muka cika arba'in, cikin watan Oktoba, za mu bar maza da yara mu tafi Turai mu biyu kawai. Inda za mu je ne ya zama rigima. Ni Suwizalan nake so, in ga tafkuna da duwatsu a lokacin da ganye ke komawa ja da rawaya yana zuba. Ita kuwa malamar tarihi ce, ta kafe sai Andalus a ƙasar Sifen, ta ga gine-ginen da Musulmi suka bari a Garnada. Takan tsokane ni cewa in busasshen ganye nake son gani, ta share min tsakar gidanmu ta aiko min a buhu. A farkon korona muka sake wannan musu a waya. Na dawo daga aiki a gajiye, fuskata duk shatin takunkumi, na ce mata ta cika naci, na kashe wayar tana cikin magana. Na ce gobe na kira ta, ban kira ba. Ba a yi nisa ba yayanmu ya kira ya ce zazzaɓi ya kwantar da ita, numfashi ya gagara, kafin in gama fahimta aka ce ta cika. An rufe filayen jirgi. Aka binne ta ina tsaye a kicin a Doha da waya a hannu.

Da aka buɗe hanya ban je gida ba. Sau ɗaya na kira mahaifiyarmu ta bidiyo, tana ganin fuskata ta saki wayar, na ji ana salati ana yayyafa mata ruwa. 'Yar marigayiyar, budurwa da ke aji biyar na sakandare, ita ma ta leƙo ta gan ni ta ruga da gudu. Daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa fuskata azaba ce gare su, na koma kiran murya kawai, shi ma a taƙaice. Duk hutu sai in ce aiki ya yi yawa.

Da Satumba ta kama, gari ya cika da shirin ƙwallo. An manna hotunan 'yan wasa a jikin dogayen benaye, ana ta sauya hanyoyi, kowa a wurin aiki maganar inda zai gudu kafin baƙi su cika gari yake. Mijina ya ce ga dama ta samu, in je gida a yi ranar haihuwar tare da Hajiya mahaifiyarmu. Na ce a'a, Turai za ni, kuma Suwizalan. Ba zan ɓoye ba, har da wani ɗaci a raina na faɗa, wai yanzu babu mai yi min musu. Na nemi biza na samu, na je wurin wani ɗan Indiya mai sayar da tikiti a ƙasan benenmu na ce ya nema min kujera ɗaya.

Washegari da rana na ɗora shinkafa. Murhun lantarki ya yi ja, na ji zafinsa a tafin hannuna, amma ruwan tukunyar yana kwance shiru. Na sauya tukunya, na sauya gurbi, har aka kira la'asar ko kumfa bai yi ba. Na kira mai gyaran benen, yana ɗora butarsa ta tafasa nan take. Na yi dariyar yaƙe na yi odar abinci, amma maganar kakarmu ta zauna min a ƙirji. Bayan 'yan kwanaki mai tikitin ya tare ni a ƙofa yana tambaya ko na yanke shawara a kan kujeru biyun nan na zuwa Malaga, garin da ake sauka a wuce Garnada. Na ce ban taɓa tambayarsa ba. Ya rantse ni ce na shigo da kaina, har na zauna na sha shayinsa. Na yi masa faɗa na haye sama.

Abin da ya karya ni a kasuwar Souq Waqif ya faru, da yamma ido na ganin ido. Na shiga shagon wani dattijo ɗan Kashmir in sayi mayafin ulu mai kauri saboda sanyin can, na zaɓi shuɗi. Yana naɗe min ya ce ashe na dawo in haɗa biyu, na jiya ruwan goro bai ishe ni ba. Ruwan goro launin 'yar'uwata ne, ni ban taɓa sa shi ba. Na ce masa ya yi kuskure, mu baƙaƙe duk kama muke masa. Bai ji haushi ba. Ya ce ni ce, da wannan jakar da wannan zoben, sai dai jiya na fi fara'a, na yi ta ba shi labarin wata fada mai maɓuɓɓugan ruwa. Sai ya ƙura wa bakina ido, ya ɗora yatsa a tsakiyar haƙoransa na gaba, ya tambaye ni ina 'yar ƙofar da ke nan jiya. Ban san yadda na fito daga kasuwar ba. Na ji masu turin kaya suna ce min yalla, wato in ba su hanya, ni kuwa duk tagar shago da na wuce tsoron kallon fuskata nake.

Na isa gida na zayyana wa mijina komai ina kuka, na ce ta biyo ni saboda na zaɓi Suwizalan. Ya kama hannuna zuwa ɗakin ajiya ya sauko da wani akwati daga saman kabad. Takalmi irin nawa, turare irin nawa, safar hannu, atamfa, komai da na saya wa kaina tun rasuwar akwai ɗan'uwansa a ciki, ga mayafi ruwan goro a sama ko ledarsa ba a cire ba. Ya ce ya daɗe yana ganina ina shigowa da kaya ina ɓoye ɗaya, wani lokaci ina dariya irin tata, ya rasa ta inda zai fara min magana. Wallahi ban tuna sayen ko ɗaya ba.

Ya kai ni wurin wata likitar ƙwaƙwalwa. Ta ce baƙin cikin da aka danne aka hana shi fita yakan sa mutum ya yi abu bai sani ba, kuma ba aljani ba ne, ba hauka ba ne. Na karɓi magani, na riƙe azkar. Ta tambaye ni ko na taɓa tsayawa a gaban wanda ya san 'yar'uwata na yi kukanta, na ce a'a.

Ranar da na cika arba'in a filin jirgin Hamad na Doha ta same ni da akwati biyu, amma Najeriya na nufa. Da na shiga ɗakin Hajiya ba ta suma ba. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta ɗaga leɓena da babban yatsa kamar yadda take mana muna yara, ta duba haƙorana, sannan ta kira ni da sunana. Ta ce ɗaya Allah ya karɓa, ɗayar kuma ita ta ɗauke kanta, kuma rashin ta biyun ya fi ci mata rai don ba ta san wa za ta yi wa addu'a ba. Na miƙa wa 'yar marigayiyar akwatin, komai ya yi mata daidai. Tana yafe da mayafin ta ce min ranar da na kashe wayar nan tana kusa da mamanta. Wai mamanta ta bi wayar da kallo tana dariya, ta ce ba a bar ta ta ƙarasa ba, so take ta ce min ta haƙura, Suwizalan ɗin za mu je.

Har yau ban je Turai ba. Idan yarinyar ta gama jami'a, in Allah ya yarda, Garnada zan kai ta. Likita ta yi min bayanin akwatin da tikitin, tukunyar ma na bar wa lantarki, amma wushiryar da dattijon nan ya gani ban sami mai yi min bayaninta ba, kuma na daina nema.

'Yan'uwana mazauna ƙasashen waje, idan aka yi muku rasuwa kuna nesa, ku je gida da zarar hanya ta buɗe, ku zauna a tabarmar da aka yi zaman makoki ku yi kukanku. Kada ku yanke wa iyayenku hukuncin abin da za su iya ɗauka. Kuma duk gajiyar da kuka kwaso, kada ku kashe wa ɗan'uwanku waya yana cikin magana, ku bar shi ya ƙarasa.