Alkasum da Jar Motar Mushe Ribo

Duk wanda ya san unguwar Zango a shekarun fari ya san garejin Alkasum bakanike, saboda jar motar nan da ke kwance ƙarƙashin rumfar zana. Kujera biyu gare ta rak, cikinta kamar ya shafi ƙasa, injinta kuwa yana bayan kujeru, daidai ƙeyar direba.

Motar ta wani Bafaranshe ce, Mushe Ribo, mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Shi ya ba Alkasum tarihinta wata rana suna canza mai. Ya ce da can a gaba ake sa inji, sai masu tsere suka ga nauyin yana jan mota waje idan an sha kwana, suka mai da shi tsakiya. Daga filin tsere aka kwaso dabarar, aka ƙera irin wannan don masu sha'awa.

Alkasum, jikan madugu, ya yi dariya ya ce, "Ai mun riga ku, Mushe. Wa ke ɗaura wa raƙumi kaya a wuya?"

A shekarar 1973 Mushe ya tashi tafiya hutu, ya miƙa wa Alkasum makulli. "Riƙe mini amana, wata uku zan yi." Alkasum ya karɓa da hannu biyu. Wata uku suka wuce, damina ta ƙi, Mushe bai dawo ba.

Gari ya yi zafi. Motoci suka daina zuwa gyara, abokan sana'a suka watse. Alhaji Haruna, Bakano mai fataucin goro, ya same shi har gareji.

"Malam Alkasum, kamyo huɗu, manyan motocin kaya, gare ni a Kano babu mai duba su. Taho mu tafi."

"Motar fa, Alhaji?"

"Sayar mini."

"Ba tawa ba ce."

Ba shi da inda zai bar ta, kuma ba shi da takardar da zai ƙetara iyakar ƙasa da ita zuwa Kano. Matarsa Balki ta ce, "Malam, abin da ko buhun gero ba ya ɗauka, shi zai tsare mu a nan?" Ya ɗauki tsumma ya shiga goge motar.

Sau ɗaya ya taɓa fita da ita. Labari ya zo daga ƙauyensu Hamdara cewa rumbu ya ƙare, Inno mahaifiyarsa ba ta iya tashi. Ya tuƙa da sassafe, yana barin kwalta ta kafe a rairayi har ƙofa. Ya tona da hannu har farcensa ya fashe, sai da wasu shanu biyu ramammu suka jawo ta. Ya ƙarasa ƙauyen a ƙasa, ya ɗauko Inno a kan jakin aro, ƙanwarsa Kellu na biye. A hanya ya tuna ko da motar ta isa, ɗaya daga cikinsu kaɗai za ta ɗauka.

Haka ya zauna shekara goma sha ɗaya. Kowace Juma'a ya tayar da injin, ya saurara, ya kashe. Abin da ya lalace ya ƙera da kansa, wani da fata, wani da ƙarfen tsohon babur.

Da aka sake yin fari a 1984, wasu Turawa da suka ƙetaro Sahara suka tsaya gyaran taya. Suka kewaye motar suna mamaki, suka nuna masa hoto a wata mujalla: an sake mata siffa har sau biyu, sabuwar ta fi faɗi, ta fi gudu, irin tasa an daina ƙerawa tuni. Ɗaya ya yi alkawarin nemo Mushe. Bayan wata biyar wasiƙa ta iso: Mushe ya rasu shekara shida da suka wuce, 'yarsa ta ce an bar wa Alkasum motar.

Lokacin Alhaji Haruna ya daɗe da ɗaukar wani bakanike, kuma babu mai neman motar tsere a garin da ake layin hatsi. Alkasum ya cire injin, ya kai wa surukinsa Gambo a Mirya, suka haɗa shi da famfo suna ban ruwan albasa. Gida biyu suka ci daga lambun. Sai dai babu wanda ya san kan injin in ba Alkasum ba, don haka duk Litinin da Alhamis yana hanyar Mirya da jakar sifana, har ƙafafunsa suka gaza.