Mun Kai Inna Ganin Teku, Muka Tarar Ba Ya Nan

Niyyarmu mu tashi da asuba, amma gidan da ke da jariri ba ya cika alkawarin lokaci. Sai ƙarfe tara muka bar unguwarmu ta Small Heath a Birmingham, ni da maigida da jaririyarmu da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Daga Gumel ta zo mini wankan jego, ta yi wata biyu, kuma ranar Talata jirginta zai tashi. Wannan Asabar ɗin kaɗai ta rage mana.

Tun zuwanta abu ɗaya ta taɓa roƙa. Ta ce tunda an ce ƙasar nan ruwa ne ya kewaye ta, tana so ta sa ƙafarta a teku kafin ta koma, don babban ruwan da ta taɓa tsayawa a gabansa shi ne dam ɗin Tiga. Muka yi ta ce mata sati mai zuwa, har satuttukan suka ƙare.

Maigida ne ya zaɓi Weston-super-Mare, garin da mutanen Birmingham suka mayar bakin ruwansu. Ya duba mai, ya duba taya, ya duba hasashen yanayi har sau uku, yana ta tuna mini cewa shi mutum ne mai tsari. Tafiyar awa biyu ce da ɗan ɗoriya, titi sumul ba rami ko ɗaya. Inna tana ta kallon gonaki, can ta ce tumakin ƙasar nan sun ji daɗinsu, ciyawa har wuya kuma babu mai kora su.

Mun isa wajen sha ɗaya da rabi. Kuɗin ajiye mota kaɗai sai da na ja tsaki. Muka ɗauki kaya, muka tsallaka titi, muka leƙa ta kan ɗan katangar bakin ruwa. Yashi muka gani shimfiɗe, bayan yashin laka, bayan lakar kuma wata lakar, iyakar ganin ido. Can nesa wani siririn abu yana ƙyalli.

Inna ta duba dama, ta duba hagu, ta ce, "To ina tekun?"

Maigida ya cire hula ya mayar. Ya je ya tambayi wani dattijo mai yawo da kare, ya dawo jiki a sanyaye. Ashe ruwan garin sau biyu yake janyewa a rana, ya yi tafiyar fiye da mil guda, kuma ba zai dawo ba sai wajen shida na yamma. Dattijon ya gargaɗe shi kada mu bi shi, lakar tana riƙe mutum har gwiwa. Akwai jadawalin shigowar ruwa da fitarsa, kowa yana dubawa kafin ya baro gida, ban da mai tsari.

Ya ɗan rusuna, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, ku yi haƙuri. Ban duba tide ba, wato lokacin shigowar ruwan."

Ta ce, "Ba komai, ɗan nan. In ka je gidan mutum ba ka same shi ba, ai jiransa kake yi."

Ni kam raina ya ɓaci, har na fara cewa mu nemi wani garin. Kafin in rufe baki Inna ta shimfiɗa zane a kan yashi ta zauna, magana ta ƙare.

Abin da ya fara sa ta dariya jakuna ne. Ga su nan a jere, an taje musu gashi, kowanne da sunansa a goshi, iyaye suna bin layi suna biya don yaransu su hau. Ta ce in ta ba da wannan labarin a gida za a ce ta fara ruɗewa. Muka sayo kifi da soyayyen dankali, ta ɗanɗana ta ce kifin lami ne, ta zaro ƙullin yaji daga jakarta ta gyara shi. Maigida yana ɗaga nasa, wani farin tsuntsun teku ya kawo sura ya tafi da rabi. Shaho ma ya fi shi kunya.

Bayan azahar iska ta yi laushi, rana ba zafi. Inna ta ce bari ta ɗan miƙe ƙafa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta farka ba sai bayan awa uku. Ina zaune da jaririya a cinya ina kallonta, sai na lura tunda nake ban taɓa ganin Inna tana barci da rana ba, in ba rashin lafiya ba. Wata biyu ita ke tashi kafin kowa ta haɗa mini ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta goya yarinya don in samu in taɓa karatuna. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ko ta gaji ba. Kunya ta kama ni, na share hawaye kafin maigida ya gani.

Wajen biyar da rabi ruwan ya taho, a hankali amma ba tsayawa, yana cinye laka. Jaja-jaja yake kamar ruwan kogi da damina, ba shuɗin da ake gani a hoto ba. Na taɓa ƙafarta na ce, "Inna, mai gidan ya dawo." Ta tashi ta cire takalmi, ta ɗan tattare zane, ta tako har ruwa ya rufe mata idon sawu. Ta daɗe a tsaye tana kallon tekun. Sannan ta tambayi maigida ko ruwan gishiri yana alwala, ya ce yana yi. Ta tsuguna ta yi, ta fito ta yi la'asar a kan yashi.

Mun shigo Birmingham da sauran haske. Mai niyyar zuwa bakin teku a ƙasar nan, ya duba lokacin ruwa kafin ya kama hanya. Amma ni na gode wa Allah da ba mu duba ba. Da mun tarar da tekun yana nan, hoto za mu ɗauka mu juyo, ranar Talata Inna ta koma Gumel da gajiyarta.