Jar Motar Velaphi a Hannun Autarsa

Velaphi Khoza bakanike ne a Soweto, shekararsa hamsin da takwas. Da ƙuruciya shi ake kira ya yi wasan mota a jana'izar abokai har tayoyi su yi hayaƙi. Da autarsa Nomvelo ta sami lasin, ya ba ta jar motarsa ta wasan. Sai kuma tsoro ya kama shi, ya ɗaure katako ƙarƙashin totur don kada ta yi gudu.

Ta kwance, ta miƙa masa. "Baba, ka ba ni ne ko ka hana ni?"

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan."

Jiya ya bi bayanta a ɓoye a wata mota, don ya ga irin gudun da take yi. Ashe tafiyar hawainiya take yi. Haushi ya kama shi, ya yi ta danna mata hon.