Jajen da Sista Sauda Ta Yi

Sauda ta shekara ashirin da biyu tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Argungu. 'Yar Badariya ce ta Birnin Kebbi, aure ya kai ta can. Hannunta ba zafi wurin allura, kuma ba ta yi wa mai naƙuda tsawa. Gidan malamai ta tashi, inda wanda ya ji rashi bai yi jaje ba ya yi abin kunya.

Wata Laraba aka kawo Laure, matar wani manomin shinkafa, cikin wata uku ya zube. Na uku ke nan. Da ta farfaɗo ta riƙe hannun Sauda.

"Sista, don Allah daga ni sai mai gidana. Ko Inna ba ta san da cikin ba."

"Haba ƙanwata. Abin da anka yi ɗakin ga ba shi fita."

Bayan mako biyu Sauda ta je suna. Ana cin tuwo sai ga Hajiya Balaraba, uwar mijin Laure, ta zauna kusa da ita. Suka gaisa, ya gida, ya ruwa. Bakin Sauda ya riga hankalinta.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah shi ba Laure mai tsayawa."

Hajiya ta aje lomarta. "Mai tsayawa? Mi ya faru?"

Mata shida ne a tabarmar. Ɗaya ta yi dariya ta ce, "Ashe asibitin naku har gidan rediyo gare shi!"

Washegari Sauda ta kai kanta wurin shugabarsu, aka ba ta takardar gargaɗi. Wannan bai dame ta ba kamar bencin masu jiran awo da ta riƙa dubawa. Laure na da hawan jini, an ce ta riƙa dawowa ana aunawa, kuma ta daina zuwa.

Ran Juma'ar makon da ya biyo, bayan la'asar, Sauda ta same ta a gida tana shanyar shinkafa. Ta durƙusa, ita da a shekaru ta kusa haifar Laure.

"Na ci amanarki, Laure."

"Kwana goma ina shan jiƙo da tambaya, Sista. Kowace ta shigo da nata bayani."

"Ki gafarta mini. In ba ki son ganina ki je wurin wata, amma a auna jinin nan."

Laure ta ci gaba da baza shinkafa. "Na yafe miki don Allah. Amma na buɗe kati Birnin Kebbi."

Tafiyar awa guda a mota, ga asibiti dab da gidan Laure. Sauda ba ta musa ba. Ta koma ta rubuta awon da aka yi wa Laure da magungunanta, don na can su san inda aka tsaya, ta liƙe ambulan. Mijin Laure ya ce ta kawo ya kai mata. Ta ba shi haƙuri, ta taka da ƙafarta ta sa wa Laure a hannu. Laure ta karɓa ba ta ɗago kai ba.