Shekarun Da Na Tsallake Sunan Ɗana

Lokacin da abin nan ya faru, ni matar masunci ce a wani ƙauye kusa da Warra, ina ƙyafa kifi ina kaiwa kasuwa. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, har na iya bin rubutu da yatsa. Babban ɗana ne ya sayo mini Alƙur'ani mai fassarar Hausa daga Yelwa, yana tsokanata wai Inna ta zama malama, saura almajirai.

Wata ranar kasuwa da damina na ga hadari ya haɗu, na ce masa kada ya hau jirgi. Ya yi dariya ya ce ruwan nan ya san shi tun yana goye. Jirgin bai kai ƙetare ba. Bayan an share makoki na buɗe littafin ina neman sanyi, sai na faɗa kan labarin annabin da ya kira ɗansa cikin jirgi, ɗan ya ƙi, ruwa ya ci shi, aka kuma hana uban ya roƙa masa. Na rufe littafin, na ce da ni ake. Kunya ta hana ni tambayar kowa. In na ɗaga hannu bayan sallah sai in jero ƙannensa, in na zo kansa in tsallake. Shekaru ina haka. Duk injin jirgin da ya tashi a bakin ruwa, sai in ji kamar shi ke kirana, ni kuwa na yi masa shiru.

Wata dattijuwa da ke karantar da mu a Islamiyya ce ta matsa mini har na faɗa mata. Ta riƙe baki, ta ce wancan ɗan imani ya ƙi, nawa kuwa ƙuruciya ce kawai, kuma mai sallah da ruwa ya ci ana yi masa zaton shahada. Ta ce in koma in nemi kaina a labarin: ambaliyar ita ce baƙin cikin da ke ƙirjina, jirgin kuwa haƙuri ne, katako ɗaya-ɗaya ake haɗa shi. Ta zauna da ni na karanta har inda ruwa ya janye.

Yanzu haka nake karatu, kuma zuciyata ta fara saki, har ina dariya da jikoki. Amma shekarun da yaron nan ya kwanta ba addu'ar uwa, ban san da me zan biya su ba. 'Yan'uwana mata, in shafi ya tsorata ku, kada ku rufe ku yanke hukunci ku kaɗai. Ku tambaya. Kuma wadda ta karanta wannan, don Allah ta sa ɗana a addu'arta.