Inda Zubair Ya So A Sa Jan Maɓalli

Zubair mai wayarin ɗan Gwandu ne, kuma tun yana saurayi aka san shi da nawa. Wasu masu aikin wuta kafin ka rufe baki sun fasa maka bango. Shi kuwa sai ya yini yana kallon ɗaki kamar ya zo neman aure. Shekara ashirin yana haka, gidan da ya ja wa waya bai taɓa kamawa da wuta ba, amma wa ke gode maka kan gobarar da ba a yi ba?

Babban aiki sau ɗaya ya zo masa. Alhaji Umar Faruk ya kafa injin matsar man gyaɗa a Kalgo, ya ce in Zubair ya haɗa shi kafin kaka, sauran injuna uku da ke tafe ma shi zai yi. Injin ya zo da takardar zane: ga inda bututun waya zai bi, ga akwatin kunnawa, ga jan maɓallin tsayar da inji in an sami hatsari, a jikin bango, daidai kafaɗar namiji a tsaye.

Zubair ya kira Zulai, babbar matan da za su riƙa zuba gyaɗa, ya ce ta nuna masa yadda za ta yi. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna gaban bakin injin, daro a cinya, hannu biyu riƙe da shi, hijabi yana lilo dab da ƙarfen da zai juya. Wanda ya yi zanen nan, ko wane ne, bai taɓa tsayawa ya kalli mace tana aiki ba.

Sai Zubair ya ɗauki gawayi ya ja sabon layi a ƙasa, daga akwatin har gefen ƙafar Zulai, inda za ta taka maɓallin ba sai ta tashi ba. Sai dai a fasa sabon daɓen siminti a binne bututun ƙarfe, aikin mako guda.

Alhaji ya ƙi, wai injiniya ne ya yi takardar. Zubair, da bai iya lallashi ba, ya roƙe shi ya zauna kan kujerar a gaban mata, ya ɗora masa daro.

"Alhaji, a ce inji ya kama hannun rigarka. Kashe shi."

Alhaji ya miƙa hannu bai kai ba. Ya yunƙura, gyaɗa ta watse.

"Allah shi ba ka haƙuri, Alhaji," in ji Zulai, "hannun ya riga ya tafi."

Matan suka tuntsire da dariya. Washegari aka aiko wa Zubair cewa an sami wani mai saurin hannu.

Sabon mai wayarin ya zo ya tarar Alhaji ya hana a share gawayin, sai ya bi layin Zubair, ya fasa daɓen. Zubair ya ji labari a tashar Gwandu, ya tambaya ko bututun ƙarfe aka sa, saboda ɓeraye. Aka ce na ƙarfe ne. Ya ɗaure jakar kayan aikinsa a babur, ana jiransa gyaran fanka a Dodoru.